Hannun Daman Malam Zakari

Shafi na 12

Masu turo min saƙo tun ina alwalar asuba wai na yi shiru kwana uku, ku yi haƙuri, marasa lafiyana na Tsafe ne suka cinye min Litinin da Talata. Wadda ta ce in na ƙara jinkiri za ta zo Sabon Gari ta ƙwace wayata ta rubuta da kanta, bismillah, ƙofarmu a buɗe take. Ku gyara zama.

*

Ina cikin motar Nahuce, ko fita daga Gusau ba mu gama yi ba, wayata ta ɗau ƙara. Ashiru ne, babban ɗan Malam Zakari, wanda ke tuƙa bas tsakanin Tsafe da Gusau. Daga yadda ya datse gaisuwa na san da magana a bakinsa.

Ya ce sun zauna shi da ƙannensa sun yanke shawara. Wata bakwai ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kama Babansu. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo, amma hannun dama yana nan yadda yake tun ranar farko. Inna Zulai ce ke ba shi abinci a baki sau uku a rana, ga tsufa, ga aikin gida. Don haka ranar Juma'a zai zo da mota ya ɗauki Baba ya kai shi gidansa na Tsafe, matarsa ta karɓi jinya, ita kuma Inna ta zauna Nahuce ta huta, ta ji da gida da awakinta.

Na tambaye shi ko sun ji ta bakin su biyun. Ya ce Inna ko an tambaye ta cewa za ta yi ba ta gaji ba, Baba kuwa ai ba a shawara da mara lafiya.

A duk aikin nan babu maganar da ke ƙona min rai irin wannan, amma na haɗiye.

"Malama Hassana, tsakaninki da Allah, hannun nan da wani ci gaba?"

Na ce ya bari in ga Baba tukuna, zan kira shi da yamma.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa labarin nan, ni ba na allura, ba na rubuta magani. Aikina in bi waɗanda ciwon ƙwaƙwalwa ko na jijiya ya taɓa har gidajensu, in taya su komawa ga abin da suka saba yi da kansu, irin su sa maɓalli, riƙe buta, ɗaura zani, kai loma baki. A ƙauye Likita suke ce min. Na yi gyara har na gaji na bar su.

Abin da ban gaya wa Ashiru ba shi ne, mako uku ke nan ina zargin tsohon nan.

Hannun da ba a aiki da shi ba ya ɓuya. Yakan kumbura, yatsu su ƙage, naman tafin ya zube. Na Malam Zakari kuwa kullum na riƙa sai in ji ya ƙara cika, yatsun sun yi laushi, har ɗan kanta, taurin fata irin na mai aiki, na ji a babban yatsa. Amma da na ce, "Baba, ɗaga," sai hannun ya kwanta a kan matashi shiru, shi kuma ya dube ni da wasu idanu na tausayi, wai shi ma abin yana damunsa.

Da hagu kuwa tun farko ya rantse ba zai ci abinci ba. Liman ya zo har ɗaki ya ce masa lalura ce, Allah Ya yafe, ya ce ya ji, amma shi dai zuciyarsa ba ta ɗauka. Shi ya sa Inna ke ba shi.

To ni ma ai ba daga sama na faɗo ba. Na san mutumin nan shekara arba'in ya yi yana awon wake a kasuwar Nahuce. Saboda haka makon jiya na shiga kasuwar Gusau na ce wa wani mai hatsi ya auna min wake mai huji, wanda ƙwari suka ci. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya rantse shi tun da yake bai taɓa ajiye irin wannan a rumfarsa ba. Sai da na ce masa na aiki ne, kuma ba wanda zai ji, sannan ya sunkuya ya jawo wani ɗan buhu daga ƙarƙashin tebur. Na gauraya shi da wake mai kyau da masara, na zuba a faifai na bar wa Malam, na ce aikinsa na mako shi ne ya ware masara gefe, wake gefe, da hannun dama.

Yau na zo karɓar aiki.

*

Na tarar da Inna Zulai a madafa tana talge. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Gusau, ta ce in shiga, Malam na ɗaki tun safe yana cigiyata. Ta ce kuma yau ba zan tsere mata ba, sai na ci tuwo.

Yana zaune a tabarmarsa inda ya saba, ɓarin damansa jikin bango, hannun kwance bisa matashi. Faifan na gabansa, wake da masara a cakuɗe kamar yadda na bar su.

"Likita, na gwada hwa. Hannun ya ƙiya."

Na ce ba komai, Allah Ya ƙara sauƙi. Na zauna na jawo faifan, na sa yatsa ina tonawa a hankali. Na juya nan, na juya can, na ɗebo na baza a tafina. Shi kuma ya ɗauke kai yana kallon rufin ɗaki, wai yana lissafin azara.

Ko ƙwaya ɗaya mai huji babu.

Na miƙa hannu ta bayansa na ɗaga bakin tabarma ta jikin bango, inda hagunsa ba zai kai ba sai ya juya gaba ɗaya. Ga su nan an tara su wuri guda, tsaf, har an share gefensu. Na ɗago hannun nasa daga kan matashi na duba farcen babban yatsa. Ja wur da goro.

"Baba, wa ke ɓare maka goro?"

"Iye?"

"Goro. Wa ke ɓarewa?"

Ya ce wai maƙwabta ne in sun shigo dubiya. Na ce to su maƙwabtan ne suke aron farcensa su ɓare, in sun gama su mayar masa? Kuma su ne suka zauna suka tsince min waken da na sha wahala na samo, suka sake cakuɗa sauran don kada in gane?

Gemunsa ya fara motsi. Na ga yana ta ƙoƙarin riƙe fuskar mara lafiya, amma ta ƙi riƙuwa.

"Ke ɗiyar ga, ashe da gangan kin ka zuba shi."

"Da gangan."

"Haba, ai ni ma nac ce. Wane marar tsoron Allah ne yas sayar miki da waken ga? Kwana biyu na yi ina kallonai ina daurewa. Rana ta uku na ga in ban hidda shi ba, sauran ma lalacewa za shi yi."

Dariyar da nake dannewa ta ƙwace min, na toshe baki da gyale don kada Inna ta ji. Shi ma ya kama dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Kuma kun san me? Da hannun dama ya share hawayen dariyar. Ya ɗago shi, yana ɗan rawa, ya kai shi ido, ya sauke.

Wallahi nan take dariyata ta koma wani abu daban. Wata biyar ina zuwa gidan nan duk Laraba, ina murza yatsun nan, ina komawa Gusau ina tuhumar kaina ko ni ce ban iya aiki ba. Ga shi yau hannun ya tashi a gabana. Daɗi ya cika ni, ga kuma haushi, don ji nake kamar in ɗauki faifan in kifa masa.

Na ce ya buɗe, ya buɗe. Na ce ya dunƙule, ya dunƙule. Na ba shi buta da ruwa rabi, ya ɗaga ta ya ajiye bai zubar ba. Ƙarfin bai gama dawowa ba, ƙaramin yatsa na baya-baya, amma hannu ne da zai ci tuwo ya ƙoshi.

"Tun yaushe?"

"Tun kamin Sallah babba."

Wata biyu ke nan fa. Na ce masa to me ya sa? Wa yake ɓoye wa, kuma don me?

Sai fara'ar ta bar fuskarsa. Ya leƙa ƙofa, ya saurara ya ji ƙarar muciya daga madafa, sannan ya ce in matso.

Ya ce shekara arba'in da ɗaya da aurensu, bai taɓa cin abinci a cikin gida ba. Haka suka taso suka gani, namiji a zaure yake ci da maza. A da zauren kan cika, ga yayyensa biyu, ga abokan kasuwa, ga baƙi, akushi huɗu biyar a jere. Sannu a hankali yayyen suka rasu, abokan wasu suka bi su, wasu ƙafa ta hana su fita, yara suka watse Tsafe da Gusau. Shekara tara ke nan za a kai masa kwano zaure, ya zauna shi kaɗai ya ci, yana kallon masu wucewa ko wani zai tsaya ya ce masa bismillah. Bai taɓa gaya wa kowa abin yana cin sa ba, don bai ma san yana cin sa ba.

Sai da ciwo ya kwantar da shi aka naɗe tabarmar zaure.

"Likita, ashe tsohuwar ga ban san ta ba."

Ya ce tana ba shi loma tana ba shi labari. Ashe ta iya kwaikwayon kowa a unguwar, har da tafiyar liman da tarin mai unguwa. Ranar farko da ta yi masa muryar ƙanwarsa tana cinikin akuya, sai da ya ƙware don dariya. Ashe kuma ba ta son miyar kuka, ko warinta ba ta so, amma ta shekara arba'in tana kaɗa masa kullum saboda an gaya mata tun tana amarya ita yake so. Da ya ji haka sai ya ce mata ciwon nan ya sa kuka ta fita ransa, a koma kuɓewa.

"Ran da hannun ga yam motsa, murna na yi. Na buɗe baki in kira ta, sai nat tuna. In na warke, tabarma zaure za ta koma."

Na ce to me ya hana ya gaya mata kawai yana son ta riƙa zama suna ci tare?

Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando.

"Ni? Da hurhurata? In ce mata mi? Ke ɗiyar zamani ce."

Na so in yi dariya, amma maganar Ashiru na zaune a ƙirjina. Ban ɓoye masa komai ba. Na ce ɗansa ya kira ni yau da safe, sun gama magana, jibi Juma'a za a zo da mota a kai shi Tsafe, Inna kuma a bar ta nan. Dalilinsu ɗaya ne, hannu ya ƙi tashi, uwarsu ta gaji da ba shi a baki.

Ban taɓa ganin tsoro a idon Malam Zakari ba, ko ranar da na fara zuwa yana kwance ba ya iya juyi. Yau na gani.

"Tsahe? Ita kuma ta zamna nan?"

"Haka suka ce."

Ya ce in kira yaron in ce masa tafiyar mota ba ta dace da jikinsa ba. Na ce ba zan yi ƙarya ba. Ya ce to in ce an kusa, a ƙara masa wata uku. Na ce wannan ma ƙarya ce, don ba kusa aka yi ba, an iso. Sirrinsa nasa ne, ba zan fasa shi ga kowa ba sai da yardarsa, amma da yamma Ashiru zai sake tambayata, kuma ba zan ce masa babu ci gaba ba alhali na gani da idona.

Ya sunkuyar da kai. In ya ɓoye, Tsafe. In ya nuna, zaure. Ko ta ina dai ba tare da Inna ba.

Na bar shi ya ɗan dahu, don haushin wata biyun nan bai gama sakina ba. Sannan na buɗe jakata na ciro takardar da nake rubuta wa iyalan mara lafiya ƙa'idoji.

"Baba, ka ce ranar nan ka ƙware kana cin abinci?"

"Dariya ce tas sa."

"Ni dai ka ƙware ko ba ka ƙware ba?"

"Na ƙware."

Na ce to shi ke nan. Duk wanda irin ciwon nan ya taɓa, maƙogwaronsa kan yi rauni, kuma ƙa'idar aikinmu ce kada a bar shi ya ci abinci shi kaɗai, ko da hannunsa ya warke sarai. Dole wani babba ya zauna kusa da shi daga lomar farko har ta ƙarshe. Wannan ba ƙirƙira na yi ba, haka yake a karatunmu, kuma haka nake gaya wa kowa. Zan rubuta, in sa hannu, a manna a bango inda duk ɗan da ya shigo zai gani.

Ya ɗago a hankali.

"Wani babba."

"Wanda ke kusa. Wanda ya san yadda kake ci."

"Ba a zaure ba?"

"Zaure ya yi nisa da randa. In ka ƙware wa zai kawo ruwa?"

Na ga gemun ya sake fara motsi.

"Dokar ga, har yaushe?"

"Har sai na ce a daina."

"Yaushe za ki ce?"

"Baba, ni mantuwa gare ni. Marasa lafiyana sun yi yawa."

Ya ce Allah Ya yi min albarka, Ya ba ni miji wanda zan wahalar kamar yadda na wahalar da shi. Na ce amin, amma da sharaɗi, yanzun nan in Inna ta shigo da tuwo da hannunsa zai ci, a gabanta. Ya ce a bari sai gobe ya shirya. Na ce ya yi wata biyu yana shiri.

*

Inna ta shigo da kwanon tuwo da na miya, ta dawo ta kawo ruwan wanke hannu. Ta zauna inda ta saba, gefen hagunsa, ta wanke hannunta, ta buɗe kwano. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa ɗanya, tururi na tashi.

Ta gutsuro loma za ta kai masa, na yi gyaran murya.

Malam ya dube ni, na ɗauke kai ina kallon azarar da ya gama lissafawa ɗazu.

Sai ya ɗago hannun daga kan matashi. Ya tsoma shi a ruwa ya wanke. Ya yi bismillah, ya kai shi kwano, ya gutsura. Lomar farko ta suɓuce ta koma. Ya sake, ya mulmula ta da yatsu huɗu, ya dangwali miya, ya ɗaga. Hannun na rawa, miya na ɗiga a gaban rigarsa, amma loma ta isa baki.

Ni dai ido ya cika min da ƙwalla. Na juya in ga Inna, ina jiran salati, ko kuka, ko ta tashi ta yi guɗa.

Tana zaune da lomarta a hannu tana kallonsa, ko gezau.

"Sai yau?"

Malam ya tsaya da tauna.

"Mi kic ce?"

"Nac ce sai yau ka ga dama?"

Ta juyo gare ni, don a al'adarta ba ta doguwar magana da shi a gaban mutane. Ta ce Likita, ki tambaye shi wa ke share ɗakin ga. Ɓawon gyaɗar da yake turawa ƙarƙashin tabarma, aljannu ke kwashewa? Ta ce tun kafin Sallah ta leƙo ta taga ta gan shi yana murɗa rediyo da hannun, ta koma madafa ta yi sujada, ta yi kukanta ta share. Ta jira ya faɗa, bai faɗa ba. Daga nan ta daina ɓare masa goro, take ajiye masa guda a ɓarin dama, don hannun ya samu abin yi in ba kowa. Gyaɗar ma ita ke ajiyewa.

Ku ji fa. Ni ina can Gusau ina hana kaina barci, ashe a gidan nan akwai wadda ta fi ni iya aikina.

Na ce, "Inna, to ke me ya hana ki faɗa? Ga shi yara na cewa kin gaji, har za su ɗauke shi jibi."

Ta ce ta ji ƙishin-ƙishin, kuma ta gaya wa mai motar nan sau uku ba ta gaji ba. Ba ta kama sunan Ashiru, ɗan fari ne. Ta ce amma yaran yanzu in sun tambaye ka, amsar da suka zo da ita suke ji.

"Ba wannan na tambaya ba, Inna. Me ya hana ki ce kin gani?"

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"A madahi ni ma ni ɗaya nika ci."

Malam ya dube ta. Tsoho mai shekara saba'in, wanda ya gagari 'yan kasuwar Nahuce a ciniki, sai ya sa hannun ya tura kwanon tuwon ya koma tsakiyarsu.

"Likita ta kahwa doka," ya ce yana kallon bango. "Wai ba ni ci ni ɗaya."

"Na jiya. Bangon ga ba kauri garai ba."

Lomar da ta gutsuro masa tun ɗazu tana hannunta. Ta dube ta, ta dube ni, na yi kamar ina neman biro a jaka. Ta dangwali miya ta kai bakinta.

Shekara arba'in da ɗaya, yau hannunsu ya haɗu a kwano ɗaya. Ni ce shaida, kuma ban san sanda na matso na wanke nawa hannun ba, don tuwon irin wannan rana ba a barin sa ya wuce mutum. Malam na ci yana ɓata riga, Inna na ce masa ya rage loma ba tsere ake ba, shi kuma yana cewa ta yi wa Likita tafiyar liman ta gani. Ta ce Allah Ya kiyaye, a gaban baƙuwa. Ya nace. Har ta fara gyara murya.

Sai muka ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Aka kashe inji, aka buga ƙofar bas. Muryar Ashiru ta taso daga zaure yana sallama, yana ce wa wani ya sauko da katifa daga saman mota a shimfiɗa wa Baba a kujerar baya. Ashe shatar kaya ya samu zuwa Bungudu, ya ga tun da ya zo kusa, me zai sa a jira Juma'a.

Na duba takardata. Ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Inna ta zabura. A duniya babu abin da zai sa ɗanta na fari ya same ta zaune gwiwa da gwiwa da ubansa, hannu cikin kwano ɗaya. Ta yunƙura za ta miƙe, takun Ashiru ya riga ya iso tsakar gida.

Caraf, Malam ya riƙe mata wuyan hannu.

Da dama.

Ta ja, bai saki ba. Ta ce cikin raɗa, "Malam, yaro na tahe." Yatsun nan da na yi wata biyar ina roƙo su motsa, na ga sun ƙara damƙewa, miyar kuɓewa na bin hannun Inna.

Labule ya ɗaga. Ashiru ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, sallamar da ya ɗauko ta maƙale a rabi. Bai dubi fuskar kowa ba. Hannun yake kallo.

Malam Zakari ya haɗiye lomar da ke bakinsa a hankali, ya ɗaga kai ya dubi ɗansa.

"Shigo mana. Ka ishe mu muna cin abinci."